Silifas a Ɗakin Gwaji

Ku yi haƙuri da ni, rubutuna na farko ne.

Likita ya manna wa ɗan kwana-kwana wayoyi a ka da ƙirji. In na'ura ta nuna firgici, ba shi ba komawa aiki.

"Tuna ranar da rufi ya rufto maka."

Na'ura shiru. Sai mai shara ta hango kyankyaso, ta cire silifas ta ɗaga sama.

Na'ura ta hau ƙara, gumi ya karyo masa. "Innata na tuno. Likita, aikina ya tafi ke nan?"

Daga ƙarƙashin tebur likita ya miƙo takarda da sa hannu. "Lafiyarka ƙalau. Tawa innar ma ba ta kuskuren jifa."

Bari in sulale kafin tawa ta karanta.