Gefen da Ake Yankewa

Ita tela ce. Shi ke ɗaukar mata bidiyo, ya yanke gefe da gefe ya mayar da shi a tsaye daidai fuskar waya, sannan ta ɗora a intanet. Yau da ya shigo shagon sai ya ga sababbin kwamfutoci kusa da keken ɗinki.

"Na ɗauki ma'aikata," ta ce, idonta a kan zare. "Bidiyo ɗaya a rana ya yi mana kaɗan. Su za su riƙa yankewa."

Ya ajiye fitilar aikinsa a hankali. "Allah ya sa albarka, Malama. Ni tsakanina da ke sai godiya."

"Zauna mana, ban gama ba."

Ta miƙa masa wayarta. Bidiyon jiya ne, mai faɗi, tun kafin a yanke. Ga ta a tsakiya tana ɗinka riga. Can gefe, inda yake cirewa kullum, madubin shagon ya kama shi riƙe da fitila, ya shagala da kallonta har hasken ya karkace zuwa bango.

"Wannan bidiyon na tura wa Baba bisa kuskure. Bai ce komai kan rigar ba. Cewa ya yi, wane ne wannan da ke haska bango?"

Kunya ta rufe shi. "Me kika ce masa?"

"Na ce shi ne wanda ya sa duniya ta san ni. Ya ce ka zo gida ku gaisa."

Sai yanzu ta ɗago ido.

"Shi ya sa na karɓe yankan daga hannunka. Na gaji da kullum kana cire kanka."