Fitilar Kwamfutar Raihanatu

"Duba da kyau, Waliyyu," in ji Baba. "Wa ya yi wa ƙanwarka wannan aika-aika?"

Hotunan Raihanatu, kai ba ɗankwali, a ɗakinta na makaranta a Aliero, sun zaga wayoyin kasuwar Jega kaf. Mai neman aurenta ya janye. Ita kuwa rantsuwa take ba wanda ya ɗauke ta hoto, sai dai 'yar fitilar kyamarar kwamfutarta kan kunna kanta.

Waliyyu, da yake gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya bincika. Ga muguwar manhaja nan a ɓoye, tana ɗauka tana turawa wurare biyu. Adireshi ɗaya na wani baƙo ne. Ɗayan kuwa na shi Waliyyu ne.

Shi ya dasa ta ranar da Raihanatu za ta tafi karatu, wai don ya sa mata ido. Bai san manhajar tana da wani ubangida ba.

Baba ya ɗaga hannu. "Wanda ya tona wa ɗiyata asiri, Allah shi tona nashi!"

Raihanatu ta share hawaye, ta dubi Waliyyu. "Yaya, ba ka ce amin ba."