Tsibirin da Ke Alƙibla

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai na safe aka karɓe wayoyin ɗaliban, aka rufe kamfas, na'urar nuna gabas da yamma, da tawul. Jiragen katako uku ne masu tafiya da iska, sun kwana a tsakiyar teku nesa da gaɓar Dubai, kowanne da ɗalibai huɗu. Jarrabawar ƙarshe ke nan ta makon horo. Waɗanda suka fara isa wani ɗan tsibiri, su za a ɗauka a babban jirgin da zai tafi Zanzibar.

Shu'aibu aka ba sitiyari a jirgi na uku. Watansa ɗaya da zuwa karatu daga Kano, kafin nan bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba, amma tuni ya sanar da dangi kaf cewa da shi za a je Zanzibar. Mubashir da Ummulkhair, waɗanda suka sauka Dubai tare da shi, su ke kan igiya. Ta huɗunsu Zaituna, haifaffiyar unguwar Al Ras da ke bakin ruwa a Dubai, tana kwance a ƙasan jirgi rungume da bokiti, amai ya hana ta ɗaga kai tun jiya.

Nahoda, wato kyaftin, dattijo ne ɗan Oman. Doka ta hana shi sa baki sai in an doshi haɗari. Magana ɗaya ya yi da Larabci: tsibirin yana alƙibla, a riƙe ta kada a saki. Daga nan ya zauna da kofin shayinsa.

Hazon teku ya rufe ko'ina, ba a ganin sauran jiragen. Shu'aibu ya nemo rana, ga ta can fara kamar faranti, ya sa hancin jirgi a kanta. Aka ja anga, ƙarfen da ke tsai da jirgi, aka ɗaga ƙaton ƙyallen da ke tarar iska. Iska ta cika shi daga baya, jirgin ya zabura.

Kai, ranar an sha daɗi! Ruwa na fantsama a fuska, igiya na cin tafin hannu, ba wanda ya damu. Da hazo ya yaye suka duba baya, ko ɗigon jirgi babu.

"Mun bar su a tasha!" in ji Mubashir. "Direba, Allah ya ja zamaninka, yalla, taka mata!"

Ya kifa tukunyar shinkafa yana kiɗa. Ummulkhair ta rangaɗa guɗa har wani ma'aikacin jirgi ya saki tsintsiya. Aka fara rabon muƙamai na Zanzibar: wane zai hau doguwar sandar jirgi, wace za ta sayo kanumfari.

Da hantsi Zaituna ta leƙo, ta kanne ido saboda hasken da ke dukan gaban jirgi. Ta buɗe baki za ta yi magana, amai ya riga ta.

"Koma ki kwanta, Hajiya," in ji Ummulkhair. "Ma tashe ki a karɓi kofin nasara."

Azahar ta yi. Ɗaliban suka ce matafiya ne su, sa haɗa da la'asar a tsibiri. Nahoda ya shimfiɗa dardumarsa, ya ba su baya, ya yi sallarsa a natse yana kallon kumfar da suka baro.

Rana ta koma ƙeyar Shu'aibu. Hannunsa ya yi tsami, bai saki ba. Can wani siririn abu kamar allura ya tsaya a ƙarshen ruwa.

"Hasumiyar tsibiri!" Mubashir ya rungume Shu'aibu har tasa hular ta faɗa teku. Ba wanda ya waiwaye ta.

Allurar ta yi ta tsawo. Wasu suka tsiro a gefenta, masu ƙyalli. Mubashir ya ce lalle tsibirin nan ya ci gaba. Kiɗan tukunya ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Nahoda ya miƙe a hankali, ya karɓi sitiyari ya shigar da su mashigin ruwa, tsakanin jiragen kaya. Zaituna ta rarrafo ta dafa katako, ta daɗe tana duban gaɓa.

"Wancan ai shagon babana ne," ta ce.

Bayan mako biyu babban jirgi ya tashi zuwa Zanzibar. Waɗanda suka rage a bakin ruwa suna ɗaga masa hannu su ne Mubashir, ba hula, Ummulkhair, Zaituna, wadda a ranta ta gode Allah, sai Shu'aibu, wanda tun yana yaro in an ce a fuskanci alƙibla gabas yake dubawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa daga Dubai, Makka tana yamma.