Farar Rigar 'Yar Mai Wankau

Akwai wata mata mai wankau da guga, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, sai bahon wanki da dutsen guga na gawayi. Da su take ci, kuma ta iya aikinta. Idan ta sa wa farin yadi bula da sitaci ta goge, sai ki rantse yanzu aka ɗauko shi daga shago. Da yarinyar ta isa shiga makaranta, sai ta kai ta wata makarantar renon yara a bayan layinsu, inda farar riga ake sawa. Matar nan ta ce a ranta, to, wannan riga ita ce tallata, duk uwar da ta ga 'yata a bakin ƙofar makaranta sai ta tambayi wa ke mata wanki. Ranar farko yarinya ta dawo kamar an tono ta daga rami, yumɓu har gwiwar hannu, shuni a ƙirjin riga, tana dariya tana nuna wa uwar wata 'yar tukunya karkatacciya da ta gina. Uwar ba ta ko kalli tukunyar ba, rigar take kallo. Washegari ta bi ta makarantar, ta tarar da yara zaune a ƙasa, wasu na tsintar wake daga cikin tsakuwa, wasu na zura murafan kwalba a zare, wasu na juye ruwa daga kofi zuwa kofi, rabinsa a jikinsu. Malamar ta ce mata, "Maman yarinya, hannun muke gyarawa. Yatsun da ba su murza yumɓu ba, fensir nauyi zai yi musu." Kin san irinmu da ba mu yi nisa a boko ba, ba ma iya musu da malamai a gabansu. Uwar ta ce to, ta yi godiya. Amma da suka koma gida sai ta kama hannuwan yarinyar biyu ta ce, "Kika sake taɓa ƙazantar nan, ni kika ɓata wa suna, kuma ba mai sake kawo mana wanki." Ba ta dake ta ba, ko tsawa ba ta yi ba. Yarinyar ce dai mai son uwarta, sai maganar ta zauna mata.

Daga ranar, idan aka fito da yumɓu sai ta zauna a kan hannuwanta. Malamar ta lallashe ta, ta kawo mata tsohuwar riga ta ɗora a kai, yarinya ta fashe da kuka. Aka aika wa uwar ta zo, lokacin kayan Sallah sun taru mata, ba ta je ba. Kuma gaskiya wanki ya ƙaru. Mata suna tsayar da ita a hanya suna cewa ba su taɓa ganin yarinya mai tsabta irin tata ba, har ta sayi dutsen guga na biyu. Haka aka tafi har yarinya ta shiga firamare, a nan abin ya fito. Fensir a dunƙule take riƙe shi kamar muciya, kafin ta ja layi biyu hannun ya gaji. Maɓallin rigarta ma sai an ɓalle mata. Abin da ya fi damun malaminsu, ko ya san ta san amsa, ba za ta rubuta ba, don tana tsoron ta yi kuskure ta goge takarda ta yi baƙi. Sai ta miƙa masa takarda fara fes. Ƙarshen shekara sa'anninta suka wuce aji biyu, ita aka ce ta maimaita. Sai a lokacin maganar malamar reno ta dawo wa matar nan. Ta ajiye wankin mutane, ta tafi har wurin masu ginin tukwane ta roƙo yumɓu, ta zube shi a tsakar gida, ta sa wa yarinyar tsumma, ita ma ta zauna a ƙasa ta tsoma hannu a ciki har wuyan hannu. Ta ce, "Taɓa, uwata. Ni na ce ki taɓa." Yarinya ta mai da hannuwanta baya, ta daɗe tana kallon fuskar uwar, sannan ta ce a hankali, "Umma, gwada ni kike yi?"

An ce har yanzu kowace la'asar matar nan takan zauna da yumɓunta, tana mulmulawa ita kaɗai, yarinyar na tsaye a gefe. Wani lokaci takan dangwala yatsa ɗaya, ta ruga wurin buta. Allah Ya sa hannun ya saki, ni dai ban san yadda za a ƙare ba. Shi ya sa nake ce miki, idan naki yaron ya dawo da laka a riga, ki tambaye shi me ya gina kafin ki ɗauko sabulu. Matar nan ba muguwa ba ce, gyara take nema, kamar yadda kowacenmu take nema. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.