Wanzamin da Keke Ya Fi Ƙafarsa

Kai Sallau, don Allah daina zagaye ni haka, kana sa ni jiri. Tun da ka shigo rumfar nan ka taɓa keke huɗu, kuma duk wanda ya fi tsayi shi idonka yake bi, alhali jiya jiya ka koyi hawa. Shekara talatin ina gyaran keke, na san wannan ƙaiƙayin na sabon shiga. Zauna kan bencin nan in ba ka misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani wanzami, gajere, mai zafin nama, wanda ko gaisuwa a tsaye yake yin ta yana hangen hanya. Akwai wani babban gida a ƙauyen da ke hayin rafi, tun zamanin kakansa su ne suke yi wa jariran gidan askin suna, ba a taɓa kiran wani ba. Da ƙafa yake zuwa, ya fita bayan sallar asuba, ya isa kafin hantsi. Sai aka yi haihuwa a gidan. Saura kwana biyu suna ya ce shi ya gaji da tafiyar ƙasa, bana a kan keke za a gan shi. Ya je wurin mai sayar da kekuna ya nuna mafi tsayi. Mai keke ya ce ya raba ƙafa a kan ƙarfen tsakiya ya tsaya, in tafin ƙafarsa biyu ba su zauna a ƙasa ba, to ba nasa ba ne. Ya gwada, sai ɗage yake yi kamar mai leƙen katanga. Aka nuna masa wani daidai shi, ya ce na yara ne. Aka ce to ya jira a sauke sirdi, a sa masa feda mai roba wadda take kama takalmi, a ɗaure birki. Ina! Wai ana jiransa. Wa ke jiransa? Wallahi babu kowa, zuciyarsa ce kawai ba ta iya zama ba. Ya ja kekensa ya tafi gida. Da ya ga ƙafa ba ta kai feda in ta yi ƙasa, sai ya samo guntayen katako biyu ya ɗaure a kai da tsohuwar roba. Sarƙa tana kuka, ya faɗa madafa ya ɗebo man gyaɗar matarsa ya kwarara mata. Taya kuwa ko latsa ta da yatsa bai yi ba, balle ya nemi famfo.

Ranar suna bai fita da wuri ba, tunda yanzu shi mai keke ne. Sai da gari ya waye tangaran ya rataya zabira, jakar askarsa ke nan, ya taka turmi ya ɗare sirdi. Tun daga bakin gari ya fara gane kurensa. Yana tuƙi yana karkata hagu da dama don ƙafa ta kai, ƙugu yana ciwo. Ga tayar baya ba iska, kowane dutse sai ya ji shi a baya. Mutane suna gaishe shi ba ya iya tsayawa, don in ya tsaya babu inda zai dafa ƙafa. Man gyaɗar nan ya kwashi yashi ya dame, sarƙa ta zame. Ya diro da ƙyar ya mayar, hannu ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta jan keke yana neman tudun da zai taka ya sake hawa. Ta sake zamewa. Rana tana ɗagawa, hankalinsa yana ƙara tashi, sai ya ce bari ya rama a gangaren rafi. Ya saki keke. A tsakiyar gangare katakon dama ya juye, ƙafa ta sulluɓe, ya matsa birki ya ji wayam. Ya miƙa ƙafa neman ƙasa, ƙasa ta yi masa nisa. Sai ga shi a yashi, kuma a kan hannun dama ya faɗi.

Da ƙafa ya ƙarasa, yana tura keke da hannun hagu. An raɗa suna tuntuni, an yanka rago, mata sun gaji da leƙe. Duk da haka maigida bai kira kowa ba, shi yake jira, saboda alkunyar iyaye da kakanni. Aka fito da jariri, wanzami ya zauna ya zaro aska. Wuyan hannu ya kumbura, yatsu suna rawa, askar ma tana rawa. Maigida ya dubi hannun, ya dubi kan ɗansa ɗan kwana bakwai, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, mayar da askarka." Aka aika aka kira wanzamin ƙauyen, wanda ya daɗe yana hangen gidan nan. Namu yana zaune a kan tabarma, an ajiye masa fura bai iya sha ba, yana kallon wani yana aske kan da ya kamata a ce shi yake askewa. Baƙin ciki kamar ya kashe shi. Haihuwar da ta biyo baya kuma ba a aiko masa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.