Dogo Mai Jar Riga

"Cire shuɗiyar, sa wannan," uban ya ce wa ɗansa, yana zura masa jar riga irin ta masu gida. Shi ma ya sa tasa.

An tashi wasa, ƙungiyarsu ta ci masu gida ɗaya da nema, fili ya hargitse. Shi kuwa ba da ka ya kawo ɗan shekara bakwai kallon ƙwallo garin wasu ba. Dokoki biyu ya riƙe tun daga gida: a fita cikin rigar masu gida, kuma in cunkoso ya yi yawa a ɗora yaro a wuya kada a tattake shi. Duk ya cika su.

Saura su sha kwana ɗaya su kai motar magoya bayansu, dutse ya tsallako katanga. Bai ji kukan yaron ba. Ɗumi kawai ya ji yana gangaro masa ta ƙeya.

A asibiti aka shige da yaron, aka rufe ƙofa. Uban yana zaune a benci da jar rigar a hannu, sai ƙaninsa ya kira a waya, murya duk murna.

"Yaya, kuna ina? Direba zai tashi."

"Muna asibiti."

Hayaniya ta hana ƙanin ji.

"Ai na rama mana gilashin motar da suka fasa. Wani dogo mai jar riga na hango, kansa ya zarce katanga. Jifa ɗaya, na ga ya kife." Ya yi dariya. "Ba ni ɗana in ba shi labari."