Ƙafar Dama

Likita ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin ƙafar dattijon, ta ce ya taka da ƙarfi. Ƙafar hagu ta ture hannun. Ta dama kuwa ko motsin kirki ba ta yi ba.

Ta juyo masa da hoton bayansa, ta nuna masa ƙasusuwan ƙugu a jere, da guringuntsin da ke tsakaninsu kamar ɗan matashin kai. Na can ƙasa ya tsage, abin cikinsa ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ke kawo zugin da yake ji har dunduniya. Zugin bai dame ta ba, rashin ƙarfin ne ya ba ta tsoro. Ta gaya masa ƙiri-ƙiri, wata rana zai so ƙafar ta taka, ta yi masa kunnen ƙashi.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Ɗan shago gare ni, Likita. Wuni nake a kan benci."

Ta ga hannunsa ɗaya ya fi ɗayan ƙonewa da rana, ta ga dunduniyar takalminsa na dama ta cinye. Ba ta kawo komai a ranta ba, mutum ashirin na jiranta a waje. Ta rubuta masa takardar ganin likitan tiyata. Ya tambaya ko wani zai ga takardar nan, ta ce sirrinsa ne. Ya ninke ta huɗu, ya fita yana jan ƙafa.

Bayan kwana uku ta ɗauki hutu don ta raka mahaifiyarta ganin jika. Tsohuwar matsoraciyar hanya ce ta bugawa a jarida. Likita ce ta lallashe ta, ita ta zaɓi babbar motar bas wai ta fi aminci. Suka shiga ta ƙofar baya, tana ta yi wa uwar tsiya.

Da hantsi hanya ta fara gangarowa daga kan dutse. Allon gefen titi ya ce a rage gudu, motar ba ta rage ba. Can ƙasa tirela ce tsaye a bakin gada. Tsohuwa ta damƙe hannun 'yarta tana salati.

Likita ta miƙe ta leƙa gaba. Direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya, yana danna gwiwarsa ta dama da shi iya ƙarfinsa don ƙafar ta taka birki.

Ya ɗago kai, suka haɗa ido ta madubi, ita da dattijon nan mai shago.